Na ci ƙuri'ar farautar barewa da bindigar ɗuri a Kolorado, ina neman shawara kan leƙen daji

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Sakamakon ƙuri'ar CPW ya fito, wato hukumar namun daji ta jihar Kolorado a Amurka, kuma alhamdulillahi bana sunana ya fita. Na samu lasisin namijin barewa na lokacin bindigar ɗuri, yunit 55, arewa maso gabas da garin Gunnison kenan, ɓangaren Taylor Park da Fossil Ridge. Shekara da shekaru duk Afrilu ina cike takarda ina tara maki, toh yanzu duk makin sun tafi a kan wannan lasisi guda ɗaya, ko na samu nama ko ban samu ba sai dai in sake tarawa daga farko. Kuma kwana 9 ne kacal, daga Asabar zuwa Lahadin sama a tsakiyar Satumba. Bindiga ina da ita, kaliba .50, wato faɗin bakinta rabin inci, ina kuma gwada ta a filin harbi. Dajin ne matsalata. Yaushe ya kamata in je leƙe, can ƙololuwar duwatsu zan nufa ko ƙasa-ƙasa, kuma in Allah ya ba da sa'a ya zan fito da naman bai lalace ba? Kawu na Junction don Allah kai nake jira musamman.

Ɗan Maharba:
Wa alaikumussalam. Allah ya sa alheri yaya. Amma ni fa wani abu ya ɗaure min kai, ina daga nan Ningi ina karantawa. Kana Amurka, inda kowace irin bindiga akwai, shine za ka shiga daji da irin wadda ake ɗurawa ta baki? Ai ita ce adakar da mahaifina Allah ya jiƙansa ya yi rayuwa da ita, kuma shi don babu wata ne. Sannan wace irin farauta ce sai an yi ƙuri'a, barewar ta wani ce?

Kawu na Junction:
Baban Ilham barka, Allah ya sanya albarka. Ka samu wuri mai kyau, kwarin Gunnison sananne ne a duk Amurka kan manyan mazan barewa.

Ɗan Maharba bari in fara da kai ɗana. Barewar ta jama'ar jiha ce gaba ɗaya, hukuma ke riƙe musu amana. Tun 1999 Kolorado ta daina sayar da lasisin barewa wa duk wanda ya zo da kuɗinsa, saboda sun ga adadin yana raguwa. Yanzu an yanka jihar yunit-yunit, kowace shekara su ƙiyasta dabbobin, wani lokaci har da jirgi mai saukar ungulu, sai su ce bana mutum kaza za su yi harbi a wuri kaza. In ka nema ba ka samu zaɓinka na farko ba a ba ka maki ɗaya, baɗi kana gaba da wanda ya zo sabo. Kuma adadin yana hawa yana sauka, a sanyin 2007 zuwa 2008 dusar ƙanƙara ta kashe barewa da yawa a wannan kwarin na Gunnison har sai da ma'aikata suka riƙa kai musu abinci, bayan nan aka zaftare lasisi sosai. Haka aka sake yi wajen Craig da Meeker bayan sanyin 2022 zuwa 2023.

Ita kuwa bindigar ɗuri, an ware mata lokacinta daban kafin masu rafal su shigo a Oktoba. Ribarta kana shiga daji dabbobin ba su gama firgita ba, yanayi da sauran ɗumi. Farashin da za ka biya shine harbi ɗaya gare ka. Kafin ka zuba albarushi ka danna harsashi ka sa firaima, wato ɗan abin da ke kunna albarushin, barewa ta tsallake dutse biyu.

Ɗan Maharba:
Allah sarki. Wlh da haka aka yi mana da yanzu akwai abinda ya rage. Mu da muna yara ana shigowa da barewa da gada gari, yau yaro ɗan shekara 15 a garinmu bai taɓa ganin barewa da idonsa ba sai a waya. Kuma ba wai babu doka ba ne, dokar namun daji ta Arewa tun 1963 take, ita adakar ma a doka sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda, amma wa ke bi. Ku ci gaba ina saurare.

Kawu na Junction:
Toh Baban Ilham, maganar leƙe. Abu na farko da zan faɗa maka, farautar nan a watan Yuli da Agusta ake yin ta, Satumba zuwa kawai za ka yi ka ɗauki abinda ka riga ka gano. Wanda ya iso ranar Juma'a da daddare bai san ko ina ba, kwana 9 ɗin a neman hanya za su ƙare masa.

Fara daga gida. Buɗe taswira, Google Earth da onX, manhajar taswira ta maharba, ka nemi kwaruruwan da ke sama da inda itatuwa suke ƙarewa, a can wajen ƙafa 11,500 zuwa 12,000 ne. Abu uku kake nema wuri ɗaya: ɗanyar ciyawa da furanni da suke ci, ruwa ko da ɗan tsatsafe ne, da inuwar kwanciya, gindin dutse ko waɗannan gajerun itatuwan da iska ta lanƙwasa. Sannan na huɗu, wanda sababbi ke mantawa, inda kai za ka zauna ka hango kwarin gaba ɗaya ba tare da ka taka cikinsa ba, kuma rana in ta fito ta kasance a bayanka ba a idonka ba.

Kar ka je a Yuni, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a sama ba. Je ƙarshen Yuli, ka sake komawa ƙarshen Agusta. A lokacin mazan suna tafiya ƙungiya, uku huɗu biyar, jikinsu ja-ja ne ana hango su daga nesa a kan kore, ƙahon kuma bai ƙosa ba, sai ka gan shi kamar an naɗe shi da karammiski, yana musu zafi in ya bugi reshe shi yasa suke son fili. Ka hau wurin zamanka tun da duhu, ka yi Asuba a can, ka ɗora madubin hangen nesa a kan ƙafa uku, kar ka riƙe a hannu don hannu na rawa. Ka bi dutsen layi-layi a hankali. Ba barewa sukutum za ka gani ba, kunne ne zai motsa, ko farin gindi, ko reshen da in ka ƙura ido sai ka ga ashe ƙaho ne. In ka gan su kar ka tashi, zauna har ka ga inda suka kwanta wajen hantsi. Wannan makwancin shine abinda ka zo nema. Rubuta lokaci, rubuta ta ina iska ke kaɗawa, ka koma ta inda ka zo.

Bazazzagin Philly:
Kawu ina gaisuwa, amma gsky ni ban yarda da a tura sabon mutum can sama ba. Mu nan Pennsylvania muna da lokacin bindigar ƙyastu zalla bayan Kirsimeti, wadda ta fi tashi tsufa ma, kuma abinda na koya shine wanda ya iya dako ya fi wanda ya iya yawo cin nama. Ya nemi hanyar da suke bi zuwa ruwa a ƙasa inda mota ke kaiwa kusa, ya zauna, shikenan. Wannan hawa dutse da kaya a baya na samari ne 'yan shekara ashirin. Kuma bindigogin ɗuri na yanzu yadi 150 har 200 suna kaiwa lafiya lau, ba sai ya yi ta rarrafe ba.

Kawu na Junction:
Bazazzagi ai barewarku daban tamu daban. Taku mai farin wutsiya tana zaune a ɗan ƙaramin daji tana bin hanya ɗaya kullum, dako na yi a kanta. Tamu mai manyan kunnuwa a Satumba manyan mazan suna sama, ƙasa mata da 'ya'ya da ƙananan maza za ka fi gani. Kuma Taylor Park da kake cewa kusa da mota, wurin cike yake da masu babur mai ƙafa huɗu duk bazara, ga lokacin bindigar ɗuri na elk, wata babbar dabba dangin barewa, rana ɗaya suke buɗewa da na barewa, ga masu baka suna ciki tun farkon wata. Duk inda taya ke kaiwa akwai mutum.

Maganar yadi 200 kuwa, nan ne nake so ka saurare ni da kyau. A Kolorado haramun ne ka ɗora madubin saiti a kan bindigar ɗuri a wannan lokacin, saitin ƙarfe kawai. Ba a yarda da harsashin nan mai rigar roba ba, ba a yarda da albarushin da aka dunƙule ƙwaya-ƙwaya ba, sai na gari da za ka auna da kanka. Toh ka ɗaga bindiga da saitin ƙarfe a yadi 150, ɗan ɗigon da ke bakin bindigar ya rufe ƙirjin dabbar gaba ɗaya, me kake harbi? Bindigar ta kai, idonka ne bai kai ba. Ni yadi 100 ne iyakata kuma na fi son 70.

Bazazzagin Philly:
Maganar madubi na karɓa, jihohi sun bambanta a nan. Amma har yanzu ina kan bakana cewa ya tanadi wuri na biyu a ƙasa. In ƙanƙara ta sauko da wuri ko suka goge ƙahonsu suka shige cikin itatuwa fa? Zai zauna yana kallon dutse babu komai?

Kawu na Junction:
Wannan kam gaskiyarka ce kuma shine babban haɗarin wannan lasisin. Daidai farkon Satumba zuwa tsakiya suke goge wannan fatar ta ƙaho a jikin itace, gashinsu ya koma toka-toka, ƙungiyar ta fara watsewa, manyan su rage fitowa fili. Wanda ka yi wata biyu kana kallo sai ka nema ka rasa. Yawanci bai yi nisa ba, ya sauko ne ƙasa kaɗan cikin itatuwan da ke ƙarƙashin kwarin. Shi yasa kwana ukun farko sun fi sauran shidan daraja. Baban Ilham in za ka ɗau hutu a wurin aiki, gara ka ɗauki kwana biyu uku kafin buɗewa da ka ɗauki na ƙarshe. Kuma eh, ka samu kwari aƙalla uku, da wuri ɗaya a ƙasa inda itatuwan aspen suka haɗu da fili.

Maman Sadiq:
Sannunku. Ni ba na farauta, nas ce, amma maigidana yana yi kuma ni ke haɗa masa jakar magani, don haka bari in sa baki. Baban Ilham kar ka ce ai a Aurora, gefen birnin Denba, kake ka saba da tudu. Denba ƙafa 5,280 ce, Gunnison wajen 7,700, inda Kawu ke tura ka ya ninka Denba ya fi. Ka kwana ɗaya ko biyu a tsakiya kafin ka hau. Ciwon kai da rashin barci da rashin son abinci an saba gani, amma in ka ji numfashi na maka wuya alhali kana zaune, ko tari mai jiƙe, ko kana tafiya kana tangaɗi, babu wani magani sai saukowa, a daren nan ba gobe ba. In kana da hawan jini ko ciwon suga ko sikila ka ga likita tun yanzu, sikila musamman, ko mai AS ma tudu irin wannan yana iya taɓa masa saifa, kuma mu mutanenmu da yawa muna ɗauke da shi ba mu sani ba. Sannan tsawa. Yuli da Agusta kusan kullum bayan Azahar hadari ke haɗuwa a can sama, kai kuma kana kan tsauni da ƙarfe a hannu. Kafin rana ta take ka sauko cikin itatuwa. Ruwan rafi a tace ko a tafasa komai haskensa. Kuma ka bar wa Maman Ilham sunan kwarin da ranar fitowarka a rubuce, babu sabis a can.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai Anti, maganar AS ɗin nan ta shafe ni kai tsaye, zan ga likita kafin tafiyar Yuli in sha Allah. Kawu in na gano shi ya kwanta, sai me? Nan ne kaina ke kullewa.

Kawu na Junction:
Sai iska. Komai na dutse iska ne. Da sassafe iska mai sanyi gangarowa take yi ƙasa, in rana ta dumama dutsen wajen ƙarfe tara goma sai ta juya ta riƙa hawa sama, da yamma ta sake gangarowa. Tsakanin juyawar nan tana kaɗawa ta ko ina, kar ka motsa a lokacin. Ka bari ya kwanta, sau da yawa ma zai tashi ya canja makwanci in inuwa ta matsa, toh kwanciya ta biyun ce mai daɗewa. In iska ta tsaya tana hawa sama, sai ka zagaya ta bayan tsaunin ka ɓullo masa ta sama, warinka yana tafiya sama shi yana ƙasa, kuma yawanci fuskarsa ƙasa take kallo. Kafin ka tashi daga wurin zamanka ka ɗau hoton dutsen da waya ka sa alama, wancan farin dutsen, wancan busasshen itacen, domin in ka isa can komai zai canja maka kama. Yadi 200 na ƙarshe aje jaka, wasu har takalmi suke cirewa su bar safa mai kauri. In ka shiga iyakar harbinka zauna ka jira ya miƙe da kansa, ko awa biyu ne. Kar ka jefa dutse don ya tashi, tashin firgita ba tsayawa yake ba. Kuma ka lura da sauran da ke kwance kusa da shi, ƙaramin da ba ka gani ba shi ke tona ka.

Ɗan Maharba:
Ikon Allah, wannan ai sanɗa ce irin ta su baba. Shi toka yake ɗaurewa a ɗan tsumma, yana tafiya yana kaɗa ta ya ga inda ta nufa. Kuma wani abu da yake yi, sandar ɗurinsa akwai tsaga a jiki da ya yi da wuƙa, in ya zura ta ya ga tsagar ta tsaya daidai bakin bindiga ya san ɗuri ɗaya ne a ciki. Don a garinmu akwai wanda ya rasa yatsu saboda ya ɗura a kan ɗuri.

Kawu na Junction:
Allah ya jiƙan baba, maharbi ne na gaske. Har yau abinda ake koyarwa a ajin lasisi kenan a nan, ka yi wa sandar alama. Baban Ilham ƙara da waɗannan. Albarushin rafal mara hayaƙi kar ya kusanci bindigarka, fasa ta zai yi a fuskarka. Na ɗuri kawai, baƙin na asali ko irin su Pyrodex da Blackhorn 209, kuma awon da littafin bindigarka ya faɗa. Harsashi ya zauna daram a kan albarushi babu rata, kuma in ka yi yawo da bakin bindiga a ƙasa ka cire firaima ka sake danna shi, yana iya zamewa. Liƙa salatif a bakin saboda ruwa, ba ya hana harbi. Da daddare kar ka shigar da ita wuri mai ɗumi daga sanyi, gumi take yi ta jiƙa albarushin. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ci gaba da nuna ta inda take aƙalla minti ɗaya, wani lokaci jinkiri take yi. A mota dole firaima a cire. Riga da hula ruwan lemo ko hoda mai ƙyalli dole ne, inci 500 murabba'i a saman jiki, masu baka ba a tilasta musu ba don haka ka san akwai mutane a dajin da ba za ka gan su ba. Jirgin nan mara matuƙi haramun ne ko don leƙe. Kuma gonar mutum a Kolorado ba dole sai ya kafa allo ko shinge ba, kai ne za ka san iyaka. Ka karanta littafin dokokin bana da kanka daga farko har ƙarshe, ka kuma kira ofishinsu na Gunnison, suna amsa tambaya.

Ɗalibi a Boulder:
Salam iyayena. Ni ɗalibi ne da bizar karatu, zan iya bin Baban Ilham? Ina hawa dutse sosai kuma ina son in gani.

Kawu na Junction:
Zo mana, kai ake nema ma. Rakiya da hange da ɗaukar nama ba sa buƙatar lasisi. Amma bindiga kar ka taɓa, dokar tarayya tana da tsauri kan masu irin bizarka, akwai togaciya ga mai lasisin farauta amma wannan sai ka yi ajin ka samu naka tukun. Aikinka babba ne: in ya yi harbi farin hayaƙi zai rufe masa ido na ɗan lokaci, ba zai ga inda harsashi ya sauka ba ko inda dabbar ta nufa. Kai da ke nesa da madubi kai za ka gani.

Baban Ilham:
Madalla, na samu abokin tafiya. Saura tambayar da ta fi damuna, Malam ko kana kusa? Turawan da nake harbi da su suna cewa in ka harba ka jira rabin awa kafin ka bi, in kuma a ciki ka same shi ka bar shi sa'o'i ko ya kwana, don in ka matsa masa zai yi ta gudu ka rasa shi. Ya halaccin naman yake a haka?

Malam Ƙarami:
Ina nan Alhaji, ina biye da ku tun sama. Asalin hukuncin dai, dabbar daji da ba a iya kamawa, harbin shine yankanta, da sharaɗin ka yi niyya ka yi bisimilla lokacin da za ka saki harbin, kuma makamin ya huda ya zubar da jini. Hadisin Adiyyu bin Hatim ne ginshiƙi a nan, abinda ya huda a ci, abinda ya buge da faɗinsa ya kashe ba a ci. Harsashin dalma malaman Malikiyya na baya-baya sun yi magana a kansa, da yawansu sun halatta saboda yana hudawa fiye da kibiya ma.

In ka iske shi da rai sosai dole ka yanka. Shi yasa wuƙa a jikinka take zama, ba a jakar da Kawu ya ce ka aje a baya ba, ba kuma a hannun ɗalibinmu ba, domin malamanmu sun ambaci wannan ƙarara, wanda ya bar wuƙarsa wurin wani ko cikin kaya har dabbar ta mutu alhali da zai iya riskar yanka, sakaci ne. Haka jinkirin bin sa ba dalili. Amma in harsashi ya riga ya huda makasa, yankan mustahabbi ne.

Kwana kuwa, a Muwaɗɗa Imamu Malik ya karhanta cin abin farautar da ya ɓace maka har ya kwana. Risala ta kawo wani ƙaulin cewa in an sami kibiyar a makasa babu laifi, kuma a ruwayar Adiyyu akwai izinin ci ko bayan kwana ɗaya ko biyu in babu wata alama sai ta makaminka kuma bai faɗa ruwa ba. Saɓani ne na gaske. Ni abinda zan ce maka, kar ka sa kanka a inda za ka buƙaci saɓanin.

Bazazzagin Philly:
Malam Allah ya ƙara ilimi, amma a aikace fa wanda aka harba a ciki in ka bi shi nan take wlh ba yanka za ka samu ba, asararsa za ka yi gaba ɗaya ya je ya mutu a wahale. Jiran ba sakaci ba ne, shine hanyar samunsa.

Malam Ƙarami:
Na fahimce ka, kuma jiran da masana abin suka tabbatar shine hanyar riskarsa ba zan kira shi sakaci kai tsaye ba, wannan a kai wa manyan malamai da bayanin yadda abin yake. Amma ka lura duk matsalar daga ina ta taso, daga harbin da bai sauka a ƙirji ba. Wanda ya matso yadi 70 ya sami huhu biyu, dabbar ba ta nisa, babu dogon jira babu kwana. Tausayin dabbar ma yana nan, an umarce mu da kyautata kisa.

Kawu na Junction:
Kuma ko ba fiƙihu, Satumba da rana akwai zafi, dabbar da ta kwana da cikinta a rufe naman cinya ta ƙashi yake fara wari, ga beya, manyan namun dajin nan masu cin nama, suna neman abinci ido rufe a watan. Wanda ya kawo mu tambayarka ta ƙarshe. Fossil Ridge yanki ne da doka ta hana duk abin taya, ba mota ba keke ba ko baro, a bayanka za ka fito da shi. Da ya faɗi ka sa hannu a takardar da ke jikin lasisinka ka cire ta yadda aka rubuta. Feɗe shi a wurin, cinya biyu, hannu biyu, naman gadon baya, da na ciki mai laushi, waɗannan doka ce ka fito da su, barin su laifi ne babba, mu kuma ai wuya da haƙarƙari da hanta ba ma bari. Ka bar shaidar cewa namiji ne manne a jikin cinya ɗaya. Sa naman a buhun yadi ba leda ba, rataye a inuwa ya sha iska. Babban namiji in an cire ƙashi zai ba ka kilo 30 ko fiye, ga kai ga kayan kwana, ku biyu sawu ɗaya ko biyu. Don haka tun a leƙe ka auna, daga kwarin nan zuwa mota awa nawa ne da kaya? In ya fi ƙarfinku, komai girman ƙahon da ke ciki ba kwarinku ba ne. Kula biyu cike da ƙanƙara su jira a mota.

Maman Sadiq:
A ƙara da gwajin CWD don Allah, cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, a Fort Collins aka fara gano ta a 1967. Ba a tabbatar ta kama mutum ba amma hukumomin lafiya sun ce kar a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kai kan ofishin CPW su ɗau samfur, sa safar hannu wajen fiɗa, kar ka fasa ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya, kuma kar ka fara rabon nama gida-gida sai sakamako ya fito. Na san halinmu da rabo. Inda harsashin dalma ya bi a yanke a zubar, yara za su ci.

Baban Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abinda na tsayar: likita wannan watan, ƙarshen Yuli ni da ɗalibi mu bi ta Buena Vista mu haura Cottonwood Pass mu duba kwaruruwan da zan zaɓa a taswira, ƙarshen Agusta mu koma mu ƙara da wurin ƙasa da Bazazzagi ya nace a kai. Iyakata yadi 90, kuma ba zan yi harbi dab da Magariba ba. Kawu zan turo maka hoton taswirar ta waya ka duba min kafin in sa alama.

Kawu na Junction:
Turo. Kuma daga yau daina harbi a kan tebur, ka harba a zaune da durƙushe da kan jakarka, bayan ka ɗan yi gudu numfashi na sama. Faranti na takarda a yadi 90, in ba duka ke shiga ba ka rage zuwa 70. In kun zo a Yuli ku taho da bindigar ku gwada ta a tudun, amma ku fara duba ko an sa dokar hana wuta a gandun.